Ƙoda ce ta tsaya, me ya kawo haki?

"Assalamu alaikum Anti Sista, barka da aiki. Ni ɗalibar jinya ce a shekarar ƙarshe, yanzu muna fostin a ɗakin maza. An kawo wani bawan Allah da aka ce ƙodarsa ta tsaya, yana wani irin numfashi mai zurfi da sauri kamar wanda ya sha gudu, amma na'urar yatsa tana nuna oksijin 98, likita kuma ya saurari ƙirjinsa ya ce fes yake. Mun saka masa oksijin, ba abin da ya canza. A gado na gaba kuma akwai wani dattijo mai COPD, tsohon ciwon huhu da ke ƙuntata hanyoyin iska, nasa 89 ne amma an hana mu ƙara masa. Wallahi kaina ya kulle. Mai 98 yana haki, mai 89 an ce a bar shi. Dan Allah me ya haɗa huhu da ƙoda, kuma ya zan gane abin a bakin gado?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya yi miki albarka, ya ba da sa'ar karatu. Na ji daɗin tambayar nan sosai, saboda ta nuna kin tsaya kin kalli mara lafiyar da idonki, ba lambar na'ura kawai kika kwafa kika wuce ba.

In na fahimce ki, kina so ki san me ya sa mai ciwon ƙoda ke haki alhali huhunsa lafiya lau, sannan me ya sa ake tsoron cika wa mai tsohon ciwon huhu oksijin. To ni a wajena tambaya ɗaya ce. Huhu da ƙoda aiki guda suke yi wa jini, suna tsare shi kar ya yi tsami, in ɗaya ya gaza sai ɗayan ya ɗauki kayansa ya haɗa da nasa. Mutanen nan biyu da ke kwance kusa da juna, na farko huhunsa ne ke biyan bashin ƙoda, na biyun ƙodarsa ce ke biyan bashin huhu.

Tsami da kanwa

Mu leƙa madafi tukuna. In miyar yakuwa ta yi tsami ya ake yi? A zuba ɗan ruwan kanwa, sai ki ga ta taso da kumfa, tsamin ya kwanta. Kanwa ai gishirin sodiyam ce mai kabonet da baikabonet, kumfar nan kuwa iskar CO2 ce ke fita, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. To abin da ke faruwa a jininki kenan yanzu haka da kike karanta wannan. Asid ya shigo jini, baikabonet ta tare shi, su zama ruwa da CO2, huhu ya busar da CO2 ɗin waje. Ƙoda ita ce mai kanwar, huhu shi ne mai fitar da kumfar.

Jini yana son zama tsakanin pH 7.35 da 7.45, ɗan siririn wuri ne ƙwarai, pH kuwa ma'aunin tsami ne, in lambar ta sauka tsami ya ƙaru. CO2 na jinin jijiya yana tsakanin 35 da 45 mmHg, baikabonet kuma 22 zuwa 26 mmol/L. Abin da ɗalibai da yawa ba sa kamawa shi ne pH bai damu da yawan kowannensu shi kaɗai ba, rabon da ke tsakaninsu yake kallo, kusan baikabonet 20 ga narkakken CO2 1. In baikabonet ta faɗi, hanya ɗaya da jiki zai dawo da rabon cikin gaggawa ita ce ya sauke CO2 shi ma. In CO2 ya hau, sai a nemi ƙarin baikabonet. Ki riƙe wannan, duk sauran bayanin a kansa yake tsaye.

Amma saurinsu ba ɗaya ba ne. Huhu ɗan gaggawa ne, cikin mintuna ya fara amsawa, kafin awa 12 zuwa 24 ya kai iyakar ƙoƙarinsa. Ƙoda kuwa a hankali take tafiya, sai ta yi kwana 3 zuwa 5 kafin aikinta ya cika. Tana tace ruwa kusan lita 180 a rana, ta mayar da kusan duk baikabonet ɗin da ta tace, mafi yawa a bututun farko na nefron, wato 'yan ƙananan matatun da ke cikin ƙoda, sannan ta zubar da asid ɗin da huhu ba zai iya busarwa ba, irin wanda ke fitowa daga nama da sauran abinci mai gina jiki, kimanin 1 mmol ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, ta hanyar amoniyam da fosfet a fitsari. Duk asid ɗin da ta zubar, sabuwar baikabonet ce ta shigo jini.

Mai 98 da ke haki

Yanzu ƙodar ta tsaya. Asid na taruwa kullum, kanwar na ƙarewa, ba mai kawo sabuwa. Akwai 'yan gadi da ke ɗanɗana jini a jijiyar wuya da kuma gindin ƙwaƙwalwa, da sun ji tsamin ya yi yawa sai su tura saƙo a ƙara numfashi, a zurfafa shi, a kori CO2. Wannan shi ne numfashin Kussmaul, sunan wani likitan Jamus ne, Adolf Kussmaul, da ya bayyana shi a 1874 a jikin masu ciwon suga da suka suma. Mutumin nan ba oksijin yake nema ba, CO2 yake kora. Shi ya sa kuka ɗora masa abin hanci ba abin da ya canza, an bar jaki ana dukan taiki.

Bari in nuna miki da lissafi don ki ga girman abin. Akwai wani magidanci da na taɓa jinya, ya yi amai da gudawa kwana uku a gida, jikinsa na ciwo sai aka yi ta ɗirka masa allurar dikulofenak a kemis, da aka kawo shi kwana biyu rabonsa da fitsarin kirki. Ina daga bakin ƙofa nake jin numfashinsa, 32 a minti, kowane ɗaya sai ƙirjin ya cika ya taso, leɓensa a bushe, bakinsa na warin fitsari. Baikabonet ɗinsa 8. Akwai lissafin Winters da ke gaya miki inda CO2 ya kamata ya kasance in huhu na aikinsa: ki ninka baikabonet sau 1.5, ki ƙara 8, da sassaucin 2 sama ko ƙasa. Nasa ya ba da 20. Da baikabonet 8 da CO2 20, pH ɗinsa yana wajen 7.22, ba daɗi amma da rai. In da CO2 ɗin nan zai koma 40, wato lambar da littafi ke cewa daidai, pH ɗinsa zai zube zuwa wajen 6.92. Kin gani? Hakin nan da ke tayar wa 'yan uwansa hankali shi ne igiyar da ke riƙe da shi.

Shi ya sa nake roƙonki, duk ranar da kika ga irin wannan mutumin ba ya samun natsuwa, wani ya ce a ba shi dayazifam ko wani abin sa barci ya huta, ki buɗe baki ki yi magana cikin ladabi, ki nuna baikabonet ɗin. Mofin ma, maganin nan mai ƙarfi na kashe zafin ciwo, sai da taka tsantsan, domin ragowarsa ta ƙoda take fita, in ba ƙoda sai ta taru ta danne numfashi. Abu na biyu da ya fi ba ni tsoro shi ne gajiya. Naman numfashi nama ne, yana gajiya. In kika ga mai haki 32 ya sauko 16 ba tare da an yi masa wankin ƙoda ko an gyara komai ba, kuma ya fara gyangyaɗi, 'yan uwa na cewa alhamdulillah ya samu barci, to ƙanwata ki ruga ki kira likita, ba sauƙi ba ne.

Tsamin jini kuma ba ya zuwa shi kaɗai, da fotashiyam yake tafe. Asid na shiga cikin ƙwayoyin jiki, fotashiyam na fitowa, ƙodar da za ta zubar da shi kuma ta kwanta. Daidai shi ne 3.5 zuwa 5.0, in ya kai 6.5 gaggawa ce, ki duba ECG, zanen bugun zuciya, ki ga tsinin da ake kira T ya yi tsawo ya yi kaifi kamar tanti. Kalsiyam gulukonet yana kare zuciya amma ba ya rage fotashiyam ko kaɗan, insulin da gulukos ne ke tura shi cikin ƙwayoyi, haka ma salbutamol na shaƙa, maganin da muka sani na asma. Duk waɗannan sayen lokaci ne kawai kafin a fitar da shi da gaske. Kuma ki leƙa ledar 'yan dubiya. Ayaba, lemu, dabino, da kyakkyawar niyya aka kawo su, amma ga wannan mutumin haɗari ne, ki yi musu bayani a hankali, za su ji.

Za ki ce to me zai hana a zuba masa kanwar kawai, tunda akwai sodiyam baikabonet a kwalba? Ana bayarwa in tsamin ya yi tsanani, amma ki tuna kumfar miya. Duk abin da kika zuba CO2 zai zama, sai huhu ya fitar, ga lodin sodiyam da zai ja ruwa a jikin da ba ya fitsari, ga kalsiyam da zai iya faɗuwa har hannu ya fara ƙandarewa. Hukuncin likita ne, ke naki ki san me za ki sa wa ido bayan an bayar.

Ba duk hakin mai ƙoda ne tsami ba

A nan ne bakin gado ya fi littafi. Mutum biyu masu ciwon ƙoda suna haki, ɗaya zai iya kwanciya flat a bayansa yana jan numfashi mai zurfi, ƙirji fes, oksijin 98. Ɗayan ba ya yarda ya kwanta ko na minti ɗaya, yana zaune ya dafe gefen gado, gumi na zuba, numfashin gajere gajere, oksijin na sauka, jijiyar wuyansa ta cika ta miƙe, in kika sa abin sauraro a ƙasan bayansa sai ki ji ƙara kamar kin murza gashi kusa da kunne, in abin ya yi nisa har kaki mai kumfa da ɗan ja ja. Wannan ruwa ne ya cika huhu. Ƙoda ta kasa fitar da gishiri da ruwa, matsin da ke cikin ƙananan jijiyoyin huhu ya fi ƙarfin furotin ɗin da ke riƙe ruwa a jini, sai ruwan ya tsattsafo cikin 'yan jakunkunan iska. In furotin ɗin nan, wato albumin, ya yi ƙasa saboda yana zuba a fitsari, ko yuriya, dattin da ƙoda ke fitarwa, ta taru ta sa bangon jijiyoyin ya fara yoyo, abin ya fi sauri. Shi wannan yana buƙatar oksijin da gaske, a zaunar da shi, a sauke ƙafafu, a tsayar da ƙarin ruwa, a ba shi furosemaid, maganin sa fitsari, in ƙodar za ta amsa, in ba ta amsa ba sai wankin ƙoda.

Abin da ke min ciwo shi ne sau da yawa mu da hannunmu muke kai mutum daga na farko zuwa na biyu. Mai amai da gudawa, ko maijego da ta zubar da jini, a farko ƙodarsu ƙishirwa take ji, ruwa ne maganinta, in an ba da shi da wuri fitsari ya dawo. Ƙoda na karɓar kusan kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na jinin da zuciya ke bugawa, amma can cikinta da ƙyar oksijin ke isa ko a lafiya, to in ƙishirwar ta daɗe sai ƙwayoyin bututun su mutu su toshe hanya. Dikulofenak da 'yan uwansa suna hana jijiyar da ke shiga matatar buɗewa, lisinofiril na hawan jini yana sakin wadda ke fita, jentamaisin na kashe ƙwayoyin cuta kuma kai tsaye yake cin bututun. Daga lokacin da bututun ya mutu, duk ledar ruwan da kika rataya ba ƙoda za ta je ba, huhu za ta. Na taɓa karɓar aikin dare na tarar da leda ta biyar na gudu a hannun wata baiwar Allah, jakar fitsarinta ko cikin kofin shayi babu tun safe, ba wanda ya rubuta komai a takardar shiga da fita. Kafin asuba muna ta fama da ita a zaune. Ta rayu, Allah ya taimaka, amma har yau in na ga takardar nan babu rubutu sai gabana ya faɗi.

Ma'aunin KDIGO na 2012, wato na ƙungiyar masana ciwon ƙoda ta duniya, ya ce in fitsari ya gaza 0.5 ml ga kowane kilo a awa har tsawon awa 6, ko kiriyatinin, dattin jinin da ake auna aikin ƙoda da shi, ya hau da 26.5 µmol/L cikin awa 48, ƙoda ta samu rauni na farat ɗaya. Ga mai kilo 60, ml 30 kenan a awa. Wannan ba likita ne zai gano ba, nas ce, ke ce mai jakar fitsari. Ki auna nauyinsa kullum da safe a sikeli ɗaya, ƙarin kilo 1 a dare ɗaya kusan lita 1 ce ta ruwa. Ki ƙirga kunu da shayi da rubutu da duk abin da ya wuce ta baki. Kunun kanwa ma ki tambaya musamman wajen masu jego, tun shekarun 1970 binciken da aka yi a Zariya ya danganta yawan shansa da wankan jego da gazawar zuciya bayan haihuwa, kanwar nan cike take da sodiyam.

Sai ƙarancin jini. Ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyi, mai tsohon ciwon ƙoda za ki gan shi fari fat. Na'urar yatsa kashi take faɗa, ba yawa ba. Mai himogulobin 15, wato sinadarin jajayen ƙwayoyi da ke ɗaukar oksijin, yana ɗauke da oksijin kusan ml 20 a kowane ml 100 na jini, mai 6 kusan ml 8 kacal, kuma dukkansu na'urar za ta ce 98.

Dattijon mai 89

Shi labarinsa juyin na farko ne. Shekaru da hayaƙin taba, ko a wajen iyayenmu mata hayaƙin itace a madafin da ba taga, ƙananan hanyoyin iska sun ƙuntace, bangon jakunkunan iska ya rushe, iska ta shiga ta kasa fita. CO2 ya taru, ƙoda ta ga haka sai ta riƙa ajiye baikabonet. In abin sabo ne, duk hawan CO2 da 10 baikabonet na ƙaruwa da 1 kawai, in ya daɗe kusan 4. Don haka za ki iya ganin CO2 65, baikabonet 33, pH 7.33, mutum na zaune yana hira da ke. Baikabonet mai yawa a takardar gwajin mai tari na shekaru, ƙoda ce ke gaya miki wannan mutumin ya daɗe yana tara CO2, a yi hankali da oksijin.

Mu a da an koya mana cewa ƙarancin oksijin ne kaɗai ke tunzura shi numfashi, in an ba shi sai ya daina. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki amma ba shi ne babban dalili ba. Huhu na da wata dabara irin ta mai noman rani, kwamin da ba shuka sai a toshe a juya ruwa inda ake buƙata. Inda iska ba ta shiga sosai, jijiyoyin jinin wurin sai su tsuke, jini ya karkata zuwa ɓangaren da ke aiki. In kika kwarara oksijin, sai jijiyoyin nan su buɗe, jini ya koma wuraren da ba sa iya fitar da CO2. Ga kuma himogulobin, da ya ƙoshi da oksijin sai ya saki CO2 ɗin da yake ɗauke da shi cikin jini. Haɗuwarsu ke sa CO2 ya yi tsalle cikin awa ɗaya ko biyu, ƙoda kuwa mun ce kwanaki take buƙata, ba za ta cim masa ba. Sai ciwon kai, hannu na karkarwa in ya miƙe shi, gyangyaɗi, suma.

Shi ya sa ake nufin 88 zuwa 92 a irinsu. Ki lura da kyau, ba a ce a hana shi oksijin ba. In ya faɗi 80 dole a ba shi, ƙarancin oksijin ya fi saurin kisa, ana dai bayarwa da awo ne kamar kowane magani. Dattijonki na 89 yana inda ake so. Ki sa ido kan abin murɗa silinda da daddare, na sha ganin ɗa mai tausayin mahaifinsa ya tashi ya murɗa daga lita 2 zuwa 10 a minti don Baba ya ji daɗi. Ki zaunar da shi tun da rana ki faɗa masa dalili, kar ki jira sai ya yi.

Kuma in dattijon nan ya kamu da nimoniya, ko gefen daman zuciyarsa ya gaji ƙafafu suka kumbura, ƙodar da ke tallafa masa ita ma tana iya faɗuwa, ranar ba mai biyan bashin wani, pH zai zube da sauri. Haka in aka cika masa furosemaid, baikabonet za ta ƙara hawa ta rage masa kuzarin numfashi. Akwai kuma 'yan cututtuka da ke kai wa biyun hari lokaci guda, irin su lufus da ciwon Goodpasture, inda za ki ga tarin jini da fitsarin jini tare. Ba su da yawa, kuma a wajenmu mai tarin jini tarin fuka za a fara nema, amma in fitsarin ma da jini da furotin, ki ambata.

Ni ban ga majinyacinki ba, daga bayaninki nake magana, kuma numfashin Kussmaul ba ya faɗin wane asid ne. Ciwon suga da ya rikice, guba a jini daga ƙwayoyin cuta, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, duk haka suke numfashi, don haka a duba sugansa da kiton, asid ɗin da rikicewar suga ke haifarwa, a fitsari ko da an ce ƙoda ce. Na san asibitocinmu da yawa ba na'urar auna iskar jini, amma gwajin gishirin jini da yuriya da ake yi kullum yana ɗauke da baikabonet, kuma daga shi za ki iya cire jimlar kulorayid da baikabonet daga sodiyam. In tazarar ta wuce wajen 12, wani asid ne ya taru, kamar na ƙoda ko suga. In tana daidai amma baikabonet ta faɗi, kanwar ce ta zube, kamar a gudawa.

Gobe in kin shiga aiki, kafin ki taɓa na'urar yatsa, ki tsaya a gefen gadonsa ki ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur da agogo, ki ga ko zai iya kwanciya, ki ɗaga jakar fitsarin ki karanta, sannan ki buɗe fayil ki nemo baikabonet da fotashiyam ɗinsa ki yi lissafin Winters a bayan takardarki. Ki turo min abin da kika samu mu duba tare, ki kuma gaishe min da dattijon.